Rauni da Farashin Saurayi a Kasuwar Ƙwallon Kwando

A ƙasar Amurka akwai wata kasuwa wadda take ci sau ɗaya tak a shekara, tun daga daren ƙarshe na watan Yuni har zuwa cikin Yuli. Ba a kasa hatsi a cikinta, ba a turke dabba. Abin da ake ciniki shi ne aikin samari 'yan wasan ƙwallon kwando, watau wasan nan da ake karawa mutum biyar-biyar, kowane ɓangare yana neman jefa ƙwallo cikin zobe mai raga wanda aka kafa bisa tsayin ƙafa 10. Masu saye su ne ƙungiyoyi 30 na babbar gasar da ake kira NBA, 29 a Amurka, guda ɗaya a Kanada. Mai sayarwa kuwa shi ne ɗan wasan da wa'adin yarjejeniyarsa ya cika, ya sami 'yancin sauraron tayin kowa. Akwai tayi, akwai albarka, akwai sallamawa, har da dillali mai karɓar la'ada, wadda aka hana ta wuce kashi 4 cikin 100.

To, a wannan kasuwa babu abin da yake girgiza farashi kamar rauni. Galibin masu kallo suna zaton girman rauni shi ne ma'aunin hasara, wanda ya ji babban ciwo ya yi babbar faɗuwa, wanda ya ji ƙarami ya yi ƙarama. Amma wanda ya bi lissafin shekarun nan da natsuwa zai iske al'amarin ya saɓa wa wannan zato. An ga saurayin da ya shekara biyu bai taka fili ba, aka ba shi iyakar abin da doka ta yarda a ba mutum. An kuma ga wanda ciwon babban yatsa ya taimaka wajen raba shi da dukiya mai yawa. Abin da yake yanke hukunci abu uku ne: lokacin da raunin ya zo, da matsayin saurayin a cikin tsararsa, da kuma ko ciwon mai komowa ne. A ƙarshen lissafi kuwa, nauyin hasara a kan matsakaicin ɗan wasa yake sauka, wanda bai riga ya sa hannu a takarda ba.

Yadda aka shirya kasuwar

Ba za a gane wannan magana ba sai an san ƙa'idodin cinikin. A zamanin da, ɗan wasa ba shi da ikon barin ƙungiyarsa, sai in ita ta sallame shi ko ta musanya shi da wani. A shekarar 1976 aka fara kwance wannan ɗauri, bayan wata ƙara da aka shigar tun 1970 da sunan Oscar Robertson, shugaban ƙungiyar 'yan wasa na lokacin. Cikakken 'yanci kuwa bai samu ba sai 1988. Masu ƙungiyoyi su ma ba su naɗe hannu ba. A 1984 aka kafa haddi ga jimlar albashin da kowace ƙungiya za ta biya, a 1995 aka ƙayyade albashin sababbin shiga, sa'an nan a 1999 aka sa iyaka ga abin da mutum ɗaya zai karɓa.

Ga yadda saurayi yake bin wannan hanya. Kowace shekara a watan Yuni ƙungiyoyi suna zaɓen sababbin 'yan wasa bi da bi, waɗanda suka fi shan kaye su ne galibi suke fara zaɓe. Wanda aka ɗauka cikin 30 na farko akan ba shi yarjejeniya ta shekara 4, biyu tabbatattu, biyu kuma sai in ƙungiya ta ga dama, albashinsa kuwa rubutacce ne tun kafin a san wane ne shi. Bayan shekara ta uku ƙungiyarsa tana iya yi masa tayin ƙarin wa'adi, ƙofa a buɗe har jajiberin fara kakar wasa a watan Oktoba. In ba a daidaita ba, sai ya cika ta huɗu ya shiga kasuwa, amma a ɗaurin talala. Ma'anarsa, duk tayin da ya karɓa daga waje, in tsohuwar ƙungiyarsa ta yarda ta biya daidai da shi, ita ce da ɗan wasa. Abin da za ta yi domin riƙe wannan igiya shi ne ta ajiye masa tayin shekara guda. In ya karɓi wannan tayi ya cika shekarar, igiya ta tsinke ke nan, ya sami cikakken 'yanci.

Iyakar abin da ake ba wanda bai kai shekara 7 a gasar ba kashi 25 cikin 100 ne na haddin ƙungiya. Daga shekara 7 zuwa 9 kashi 30, daga 10 zuwa sama kashi 35. A kakar 2025 zuwa 2026 haddin ya kai dala miliyan 154.6, watau iyakar saurayi ta haura dala miliyan 38 a shekarar farko. Sa'an nan ga abin da ya fi kome muhimmanci: galibin yarjejeniyoyin nan lamuntattu ne. Ko ɗan wasa yana fili, ko yana kwance a asibiti, sai an biya shi har ƙarshen wa'adi. Saboda haka ranar da aka sa hannu, haɗarin rauni ya tashi daga wuyan saurayi ya koma wuyan ƙungiya. Kafin wannan rana kuwa shi kaɗai yake ɗauke da kayansa. Tun da yake galibin 'yan wasa ba su kaiwa shekara goma a gasar, yarjejeniya ta biyu, wadda akan ƙulla suna da shekara 22 zuwa 24, ita ce babban cinikin rayuwarsu, ga waɗansu ma ita ce ta farko, ita ce ta ƙarshe.

Lokacin da rauni ya zo

Derrick Rose na ƙungiyar Shikago ya zama gwarzon gasar a 2011 yana da shekara 22, ba a taɓa samun mai ƙarancin shekaru kamarsa a wannan matsayi ba. A watan Disamba na wannan shekara ya sa hannu a yarjejeniyar shekara 5 ta kimanin dala miliyan 95. Wata huɗu bayan haka, a Afrilu 2012, jijiyar tsakiyar gwiwarsa ta hagu ta tsinke. Ya shafe kakar da ta biyo baya bai yi wasa ko ɗaya ba, yana dawowa kuma gwiwar dama ta sami matsala. Bai sake komawa ƙarfinsa na farko ba, amma ko anini bai ragu daga kuɗinsa ba. Sai da wa'adi ya cika a 2017 aka ga abin da kasuwa take ɗaukarsa: ƙungiyar Kilibilan ta ɗauke shi shekara guda a kan dala miliyan 2.1.

A ajiye wannan, a dubi Nerlens Noel, dogon saurayi mai tare ƙwallo a bakin zobe. Yana jami'ar Kentaki ana kyautata zaton shi za a fara ɗauka a zaɓen 2013, sai a watan Fabrairu jijiyar tsakiyar gwiwarsa ta tsinke, irin ciwon Rose. Ranar zaɓe ƙungiyoyi biyar suka tsallake shi, aka ɗauke shi na 6, ya kuma ƙare shekararsa ta farko yana jinya. Wannan faɗuwa ce, amma babbar tana gaba. A tsakiyar 2017, yana da shekara 23, a ɗaurin talala na ƙungiyar Dalas, aka taya shi dala miliyan 70 na shekara 4. Ya ce albarka. Ya zaɓi tayin shekara guda na dala miliyan 4.1, da nufin ya tsinke igiya, baɗi ya koma kasuwa da cikakken 'yanci. A watan Disamba aka yi masa aiki a jijiyar babban yatsan hannu, dama kuwa mai horarwa ya fara ajiye shi a gefe. Wasa 30 kaɗai ya yi cikin 82 na kakar. Da kasuwa ta ci a 2018, abin da ya samu shi ne mafi ƙanƙancin albashi a Oklahoma, abin da bai kai dala miliyan 2 a shekara ba. A 2021 ya kai tsohon dillalinsa ƙara, yana cewa shawararsa ta jawo masa hasarar dala miliyan 58, daga baya aka sasanta.

Har wa yau ga Victor Oladipo, mai asali daga Nijeriya, wanda aka ɗauka na 2 a wannan zaɓe na 2013. Tauraronsa yana haskawa a Indiyana sai jijiyar da ta haɗa cinya da ƙoƙon gwiwa ta tsinke masa a Janairu 2019. A farkon 2021 an ba da labarin ƙungiyar Hustan ta taya shi dala miliyan 45 na shekara 2, ya ƙi, yana jiran kasuwar Yuli. Aka musanya shi zuwa Mayami, ya yi wasa 4, tsohon ciwo ya tashi, aka sake yi masa aiki a watan Mayu. Da lokacin ciniki ya yi, shekara guda ya samu a kan mafi ƙanƙancin albashi.

Mai karatu ya auna waɗannan mutum uku. Ciwon Rose ya fi yatsan Noel tsanani nesa ba kusa ba, amma ya zo bayan tawada ta bushe, sai ƙungiya ta ɗauki hasarar. Na Noel da na Oladipo sun zo takarda tana nan fara, sai hasarar ta kwana a gidajensu.

Matsayin saurayi

Abu na biyu ya fi bayyana a kan samari uku da aka ɗauka a jere a zaɓen 2014: Andrew Wiggins na farko, Jabari Parker na biyu, Joel Embiid, haifaffen Yawunde ta ƙasar Kamaru, na uku. A shekarunsu uku na farko Wiggins ya yi wasa 245, ɗaya tak ya rasa. Parker ya yi 152, gama jijiyar gwiwarsa ta hagu ta tsinke sau biyu, a Disamba 2014 da Fabrairu 2017. Embiid kuwa wani ƙaramin ƙashi a tsakiyar ƙafarsa ta dama ya hana shi wasa shekara biyu cur, a ta uku ya yi 31 gwiwa ta tsai da shi. In da yawan jinya ne ma'auni, da Embiid ne a ƙasa.

Ga abin da ya auku a Oktoba 2017. Minesota ta ba Wiggins shekara 5 a kan kimanin dala miliyan 148, watau iyakar doka. Filadelfiya ta ba Embiid daidai wannan adadi. Parker kuwa ba su daidaita da Milwoki ba. Da ya shiga kasuwa a 2018, Milwoki ta kwance igiyarta ta bar shi ya tafi, Shikago ta ba shi dala miliyan 40 na shekara 2, amma ta biyun sai in ƙungiya ta so. Ba a so ba. A 2019 ya karɓi miliyan 13 na shekara 2 a Atlanta, zuwa 2023 kuwa ya koma wasa a Basalona ta ƙasar Sifen, a shekarar da Embiid ya zama gwarzon gasar NBA.

Mene ne sirrin wannan? Sirrin yana cikin iyakar da doka ta sa. A ce hukuma ta hana a sayar da wani irin kaya sama da 100. Kayan da darajarsa ta gaskiya 150 ce, in aka sami aibi a jikinsa aka rage 30, har yanzu ya fi ƙarfin ƙayyadadden farashi, 100 ɗin dai za a biya, mai kaya ba zai ji ragin a aljihunsa ba. Amma wanda darajarsa 80 ce, in aka rage 30, ya komo 50, kuma ba lalle a tsaya nan ba, domin irinsa suna da yawa a kasuwa, mai saye ba shi da dalilin ɗaukar mai aibi alhali ga lafiyayye a rumfar gaba. Wasa 31 da Embiid ya yi sun isa su nuna cewa ba a samun irinsa: mutum mai tsawon ƙafa 7, mai cin maki 20 cikin minti 25, mai toshe bakin zobe. Parker gwani ne wajen cin maki, amma ana iya samun madadinsa.

Wannan ƙa'ida ta maimaitu. Kristaps Porzingis, ɗan ƙasar Latbiya, jijiyar gwiwarsa ta tsinke a Fabrairu 2018 yana da shekara 22. A Yuli 2019 Dalas ta ba shi dala miliyan 158 na shekara 5, alhali bai taɓa sa rigarta a fili ba. Ko a tsakanin manya haka abin yake. Agarar DeMarcus Cousins ta tsinke a Janairu 2018, yana cin maki 25 a kowane wasa, yana da damar neman sama da dala miliyan 30 a shekara, sai ga shi ya karɓi miliyan 5.3 na shekara guda a Golden State. Agarar Kevin Durant ta tsinke a Yuni 2019, ba a yi wata guda ba Buruklin ta ba shi miliyan 164 na shekara 4, tana sane sarai ba zai yi wasa a shekarar farko ba. Ciwo ɗaya ne, wuri ɗaya ne, sai dai Durant yana cikin 'yan ƙalilan da ake ƙidaya su a yatsun hannu, Cousins kuwa mai nauyin jiki ne, masu saye suka ji tsoron agararsa ba za ta sake ɗaukarsa kamar da ba.

Ciwo mai komowa da aikin likita

Abu na uku shi ne irin ciwon. Mai saye ba wasan jiya yake biya ba, wasannin shekara huɗu ko biyar masu zuwa yake saye, don haka tambayarsa ga likita guda ce: wannan abu zai komo? Karaya a hannu takan ɗore ta wuce, ba ta cika rage farashi ba. Tsinkewar jijiyar gwiwa, wadda a da take kashe sana'ar mutum, yanzu akan yi aiki a dawo bayan kimanin shekara guda, sau ɗaya ba ta cika razana masu saye ba, amma in ta maimaitu a gwiwa guda sai a ja da baya. Abin da aka fi tsoro shi ne ciwon ƙashin baya, da ƙananan ƙasusuwan ƙafa ga dogayen mutane masu nauyi, da zaizayewar guringuntsin gwiwa, domin waɗannan ba su cika warkewa ba, lallaɓa su ake yi. Ƙungiyar Fotlan ta ɗanɗana wannan: a 2009 ta ba Brandon Roy kimanin dala miliyan 82 na shekara 5, zuwa Disamba 2011 gwiwoyinsa sun tilasta masa ajiye wasa yana da shekara 27, kuɗin kuwa sai da aka biya. Duk mai ƙungiya yana tuna irin wannan labari sa'ad da yake tayi.

Shi ya sa ba a ƙulla ciniki sai likitocin mai saye sun duba ɗan wasa, sun ɗauki hoton cikin gaɓoɓinsa. In ba su gamsu ba, ciniki ya warware. A Fabrairu 2025 ƙungiyar Lakers ta amince ta karɓi Mark Williams, saurayi mai shekara 23, daga Shalot, da likitocinta suka duba shi sai aka fasa, ya koma inda ya fito, duk duniya kuwa ta ji dalili. Daɗa akwai wani abu: ƙungiyar da ta riƙe saurayi shekara huɗu ta fi kowa sanin jikinsa, gama likitocinta ne suke dubansa kullum. In ita ta ƙi tayawa, baƙo sai ya ce lalle akwai abin da mai gida ya gani. Shirun tsohuwar ƙungiya shi kansa yana rage farashi, ko da kuwa ba ta faɗi kome ba.

Kuma ragin ba a adadin kuɗi kaɗai yake fitowa ba. Wani lokaci a yawan shekaru yake, a ba mutum ɗaya ko biyu maimakon biyar. Wani lokaci a zaɓi yake, kamar na Parker, inda shekarar ƙarshe take hannun ƙungiya. Wani lokaci kuma a sharaɗi. An ba da labarin cewa a takardar Embiid an rubuta, in tsohon ciwon ƙafa ko na baya ya komo ya hana shi wasanni masu yawa, ƙungiya tana da ikon sallamarsa ta biya sashen kuɗin kaɗai. Zion Williamson, wanda aka ɗauka na farko a 2019, wasa 85 ya yi a shekara uku, duk da haka a Yuli 2022 ya sami dala miliyan 193 na shekara 5 a Niyu Olins, sai dai an gindaya masa sharuɗɗa a kan nauyin jikinsa da yawan wasanninsa, in ya saɓa sashen kuɗin ya fita daga lamuni. Watau ko gwani na gwanaye, in jikinsa yana da tarihi, akan mayar masa da wani sashe na haɗarin.

Ƙwai a baka ko kaza a akurki

Daga nan ake fahimtar tsaka-mai-wuyar da saurayi yake shiga a watan Oktoba na shekararsa ta huɗu: ya sallama yanzu a kan farashi mai rangwame, ko ya jira kasuwa da jikin da ba shi da tabbas a kansa? Labarin Stephen Curry shi ne ake kafa hujja da shi ta kowane ɓangare. Idon sawunsa na dama ya dame shi da targaɗe a kai a kai, aka yi masa aiki sau biyu, a kakar 2011 zuwa 2012 wasa 26 kaɗai ya yi. A ƙarshen Oktoba 2012, yana da shekara 24, ya karɓi dala miliyan 44 na shekara 4 daga Golden State, a kwanakin da tsaransa James Harden ya karɓi miliyan 80 na shekara 5. Cikin wannan wa'adi Curry ya zama gwarzon gasar sau biyu, a 2015 da 2016, ƙungiyarsa ta ɗauki kambi a 2015 da 2017, arahar albashinsa kuma tana cikin abin da ya ba ta sararin ɗauko Durant a 2016.

Masu cewa a jira suna nuna wannan, suna cewa ga abin da tsoro yake jawowa, an sayi zinariya da kuɗin azurfa. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, lalle Curry ya bar dukiya mai yawa. Amma a dubi ƙarshen lissafi. Da wa'adinsa ya cika a 2017, ya sa hannu a kan dala miliyan 201 na shekara 5. Wanda ya sallama da araha ya zauna lafiya, kasuwa za ta sake ci yana nan. Wanda ya ce albarka rauni ya riske shi, kamar Noel da Oladipo, sau da yawa ba ya sake ganin irin wannan tayi har ya bar wasa. Hasarar farko ana iya mayar da ita, ta biyu kuwa da wuya. Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, karin maganar kuwa ta fi hawa kan matsakaicin ɗan wasa, wanda ba shi da garkuwar da iyakar doka take yi wa manyan gwanaye.

Sabuwar doka

A 2023 ƙungiyoyi da 'yan wasa suka ƙulla sabuwar yarjejeniya, aka shigar da wata doka wadda ta ƙara wa rauni tsada. Ba za a sa mutum cikin jerin gwanaye 15 na shekara ba, ko a ba shi lambar gwarzo, sai ya yi wasa 65 cikin 82. Alhali kuwa shiga wannan jeri shi ne yake ɗaga iyakar saurayi daga kashi 25 zuwa 30. An yi dokar ne domin a hana gwanaye hutawa suna lafiya, 'yan kallo sun biya kuɗi ba su gan su ba. Amma ba ta bambanta mai hutu da mai jinya ba. Tyrese Haliburton na Indiyana ya ji ciwo a tsokar bayan cinya a Janairu 2024, ya dawo fili ana taƙaita masa mintoci, ya soki dokar a bainar jama'a, ya dai cika wasa 69, ya shiga jerin, yarjejeniyarsa ta ƙaru da kimanin dala miliyan 40. A Yuni 2025, a wasan ƙarshe na neman kambi, agararsa ta tsinke yana da shekara 25. Kuɗinsa suna nan lamuntattu, gama ya riga ya sa hannu. Abin dubawa shi ne dokar ta sa saurayi mai ɗingishi ya riƙa ƙidayar wasanni da hannu ɗaya, yana ƙidayar miliyoyi da ɗayan, a lokacin da ya kamata maganar likita ce kaɗai a kunnensa.

Bisa ga abin da ya gabata, kasuwar nan ba ta yi wa kowa awo da mudu ɗaya ba. Babban gwani, ko yana kan sanda, akan biya shi iyakar doka, a ɗan gindaya masa sharaɗi. Wanda ya riga ya sa hannu, rauninsa na ƙungiya ne. Saura matsakaicin saurayi mai shekara 22 ko 23, mai tabo a gwiwa, wanda takardarsa ba ta cika ba, shi ne ake sauke wa kayan duka. Samarin Afirka suna ƙara yawa a wannan gasa, da yawa daga cikinsu kuma dangi na bayansu suna zuba ido. Wanda ya kai ƙofar yarjejeniya ta biyu, ya kamata ya nemi likita nasa na kansa ya gaya masa gaskiyar gaɓoɓinsa, ya duba abin da aka lamunce a takarda kafin adadin da jaridu za su buga, ya kuma tambayi kansa tsakani da gaskiya ko yana cikin waɗanda ba a samun madadinsu. Dillali yana da 'yan wasa da yawa, in cinikin ɗaya ya faɗi na wani zai tashi. Saurayi kuwa gwiwa biyu gare shi. Iyakar bayani ke nan.